Me Ya Sa Moto Ke Ƙonewa Alhali Akwai Bireka?

Assalamu alaikum jama'a. Yau muna wata masana'antar casar shinkafa a nan Katsina, kuma wannan da kuke gani an farke cikinsa moton lantarki ne mai kilowat 11. Ku dubi kwail ɗin, ya yi baƙi ƙirin. Birekar da ke gadinsa kuwa, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, lafiyarta lau, ko gezau ba ta yi ba.

Kafin a sayi komai, a share ƙura a karanta ɗan farantin nan da ke jikin moton. Wuta mai layi uku, bolt 415, yana jan kusan am 21 idan ya ɗauki cikakken kaya. Amma lokacin tashi, in kai tsaye aka kunna shi, yakan fizgi ninki shida zuwa takwas na wannan, wato ya haura am 120 na 'yan daƙiƙoƙi.

A nan ake yin kuskuren. An sa masa birekar gida mai harafin B, wadda ke faɗuwa nan take da zarar wuta ta ninka lambar am ɗin da ke jikinta sau uku zuwa biyar. Ana kunnawa sai ta faɗi. Maigida ya ƙosa, ga buhuna a jibge, sai ya ce a sa babba. Aka kawo mai am 63. Shi ke nan, faɗuwa ta ƙare, kariya ma ta ƙare. Moto na iya jan am 40 yana dahuwa, ita kuwa a wajenta ba abin da ya faru. Dama aikin irin wannan bireka tsare waya ne.

Abin da ya dace shi ne wannan, MPCB, birekar da aka ƙera don moto. Tana haƙuri da fizgar tashi, amma in zafi ya daɗe sai ta yanke. Kun ga ɗan maɓallin nan mai lambobi 20 zuwa 25? A juya shi ya tsaya daidai kan 21, abin da faranti ya faɗa. Kar a ƙara "don kwanciyar hankali". Kuma tana lura idan layi ɗaya ya ɗauke, abin da muka saba gani: moto ya ci gaba da gurnani a kan layi biyu, wutar da ke cikinsu ta hau, kafin a ankara sai wari. Manyan motoci kuwa, MCCB, wato babbar birekar masana'antu, ake haɗawa da kontakta mai kunna moto da kashe shi, da na'urar lura da nauyi.

A duba lambar kA ta birekar ma, wato iyakar wutar da za ta iya yankewa lafiya idan wayoyi suka haɗu. Ta gida yawanci 6 ce, kuma in kana dab da taransifoma ta yi kaɗan.

Wajen ɗaurawa, a kashe babban layi, a gwada da mita a tabbatar, ba a ɗauki maganar yaro ba. A ɗaure kowace waya tam, domin sako-sako zafi yake haifarwa, za ka ga robar ta narke a baki ɗaya. A haɗa wayar ƙasa. Akwatin kuma ya rufu sosai, don ƙurar hunturu da dusa ba su da kunya.

Yanzu mu kunna, a zuba shinkafa. Zan maƙala mita a layi na farko: 19. Na biyu, 19 da ɗoriya. Na uku, 20.