Amsoshin Tambayoyinku: Sabuwar Waya a Hannu, Sabis Na Yankewa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Shehu. Saƙonnin da suka taru a gabana wannan makon da yawansu kuka ɗaya suke yi: an tara kuɗi an sayi sabuwar waya, sai ga shi tsohuwar da aka jefa cikin akwati ta fi ta kama sabis. Shi ya sa na ware su wuri guda, don amsar wani za ta amfani wani.

Bari mu fara da wani magidanci daga Mabera. Ga abin da ya rubuto, kamar yadda ya rubuta shi: "Malam, wata bakwai ina tarin kuɗi kafin in sayi wagga waya da anka fito da ita kwanan nan. In na aje ta bisa tabarma sabis cike yake, in na ɗauka na kanga ga kunne sai shi zube, har kira shi yanke. Mi yak kawo hakanga?"

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri, wata bakwai ba wasa ba ne. Abin da ka bayyana sanannen abu ne, kuma yana da dalili. Waɗanda suka riƙe waya tun farkon shigowar GSM Najeriya a 2001 za su tuna da masu ɗan ƙaho a ka. Wannan ƙahon shi ne eriya. Yau ma eriyar tana nan, an dai shigar da ita jikin wayar ne, galibi a ƙarfen da ya kewaye ta. Juya wayarka ka dubi gefenta da kyau, za ka ga wasu 'yan siraran layuka na roba da suka datse ƙarfen, biyu a sama, biyu a ƙasa, ko kusa da haka. Su ne ke raba eriya ɗaya da 'yar'uwarta. Shi kuwa tafin hannun ɗan Adam ruwa ne da gishiri, yana shanye saƙon da ke zuwa ta iska, kuma in ya rufe wancan layin yana iya haɗe eriyoyi biyu da aka raba da gangan. Balle a zafin Sakkwato da hannu ba ya rabuwa da gumi.

Wannan ya taɓa faruwa da babban kamfani, duniya ta gani. A ranar 24 ga Yuni, 2010 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da iPhone 4, ya sayar da miliyan 1.7 cikin kwana uku. Ba a yi mako ba koke ya cika ko'ina: duk wanda ya riƙe wayar ta kusurwar ƙasa ta hagu, sabis sai ya sauka. Da farko kamfanin ya nuna laifin yadda mutane ke riƙon wayar ne. Da surutu ya yi yawa, shugabansa na lokacin, Steve Jobs, ya kira taron manema labarai ranar 16 ga Yuli, ya ce za a ba kowa rigar waya ta roba kyauta, don robar tana shiga tsakanin fata da ƙarfe. Sai a wayar da ta biyo baya a 2011 aka sake fasalin eriyar. Na kawo wannan ne don ka san cewa sabunta da tsada ba su hana waya fitowa da aibi daga masana'anta.

Saboda haka ka fara da abu mai sauƙi. Sa mata riga ta roba, ba mai ƙarfe ko maganaɗisu ba, ka kira wani ka ji. Ko ka ajiye ta ka buɗe lasifika, ko ka yi amfani da abin kunne. In kiran ya daina yankewa, ka gano bakin zaren.

Amma akwai abin da nake so kowa ya riƙe, don zai dawo a sauran tambayoyin. Waɗannan 'yan sandunan sabis da muke kallo a saman waya ba ma'auni ba ne da duniya ta yarda da shi. Kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. A waccan rigimar ta 2010 Apple da kansa ya amsa cewa lissafinsa kuskure ne, wayar kan nuna sanda huɗu inda ya kamata ta nuna biyu. Ma'aunin gaskiya lamba ce da ake kira dBm, tana zuwa da alamar ragi a gabanta. A wayoyin Android ana samunta cikin saiti, wajen bayanin waya, a ƙarƙashin halin da sim yake ciki. Masu iPhone kuma su danna *3001#12345#* kamar za su yi kira. In ka ajiye alamar ragin gefe, lambar in ta yi ƙasa da 90, sabis lafiya lau. In ta haura 110, wayar da ƙyar take jin ƙarfen sabis, wato dogon ƙarfen nan da kamfanin sadarwa ke kafawa a unguwanni. Kuma tazarar ba ƙarama ba ce: duk bambancin 10 a wannan lamba, ninki goma ne a ƙarfi, wato tsakanin 90 da 110 ninki ɗari ne.

Na gwada da kaina shekaranjiya da yamma. A cikin ɗakina, mai rufin kwano da bangon bulo, wayata ta nuna 113. Na fito tsakar gida kusa da randa, ta koma 101. Na buɗe ƙofar gida na tsaya gindin dogonyaro, sai ga 92. Taku bai kai ashirin ba, waya ɗaya, layi ɗaya. Malam, ka yi irin wannan da sabuwar da tsohuwar, sim ɗaya kana musanya musu, a wuri ɗaya, ka rubuta lambobin a takarda. In sabuwar kullum tana baya da tazara mai yawa, to laifinta ne, kuma takardar nan ita ce hujjarka a gaban mai shago.

Saƙo na biyu daga wata Malama ce a Arkilla. Ta ce yayanta ne ya aiko mata da waya daga ƙasar waje, sabuwa fil a kwalinta. Kira yana shiga, amma intanet ba ya wuce alamar E ko H, alhali wayar maigidanta mai araha tana nuna 4G a ɗaki ɗaya, layin kamfani ɗaya. Tana tambaya ko jabu aka sayar wa yayan nata.

Malama, kada ki yi saurin zargi, mai yiwuwa wayar ta ainihi ce. Ki ɗauki misali da akwatin rediyon da kike saurarenmu da shi yanzu. Akwai mai kama FM kaɗai, akwai mai matsakaicin zango da gajeren zango. In rediyonki ba shi da gajeren zango, duk kyansa ba zai kamo tashar da ke watsa shiri a can ba. Haka waya take. Kowane kamfanin sadarwa yana da zangon da hukuma ta ba shi, kuma kowace waya da zangunan da aka ƙera ta da su. A Najeriya kiran GSM yana tafiya a kan 900 da 1800, 3G a kan 2100, shi kuwa 4G an warwatsa shi: akwai 700, akwai 800, akwai 1800, akwai 2600, gwargwadon kamfani. A takardun waya ana rubuta waɗannan huɗun da lambobi 28, 20, 3 da 7. Wayar da aka ƙera don kasuwar Amurka ko ta cikin gidan Sin sau da yawa takan rasa ɗaya ko biyu daga ciki, ko da sunanta ɗaya da wadda ake sayarwa a nan.

Kuma abin da ya fi ciwo, waɗanda aka fi rasawa su ne ƙananan, 700 da 800, alhali su ne masu dogon zango, masu ratsa bango. Manyan kuwa, 1800 da 2600, sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Ga mutumin da ke tsakiyar gari kusa da ƙarfen sabis, ba lallai ya lura ba. Ga wanda ke Dundaye ko bayan Kware, ko mai ɗaki can ƙuryar gida, wannan shi ne bambancin samu da rashi. Ki duba lambar samfurin da ke bayan kwalin, ki sa wanda ya iya ya binciko zangunan da take kamawa. In babu na kamfaninki a ciki, babu mai gyaran da zai saka shi, don a ƙira yake. Abin da ya rage shi ne ki gwada layin wani kamfanin da zangonsa ya dace da ita. Masu 'yan'uwa a waje kuma su sani, tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim sam, sai sim na cikin manhaja da ake kira eSIM. Wasu kuma a kulle suke zuwa da layin kamfanin can. A yi tambaya kafin a aiko.

Wani Alhaji mai fataucin albasa daga Illela ya ce tunda ya sauya waya, da ya doshi bakin iyaka sai sunan kamfaninsa ya ɓace, wani baƙon suna ya fito, kuɗinsa kuma su riƙa tafiya. Alhaji, wannan ba lalacewa ba ce. Tsakaninku da Birnin Ƙonni ba nisa, iska kuma ba ta san shingen kwastan ba. Wayarka tana tsallakawa ta kama ƙarfen sabis na Nijar ne, ana cajinka kuɗin baƙo. Ka shiga saitin layi, ka kashe zaɓin da ke barin waya ta zaɓi kamfani da kanta, ka zaɓi naka da hannu, sannan ka kashe yawon data na ƙetare. In ka shiga Nijar da niyya sai ka mayar.

Ga kuma wani matashi mai sana'ar POS a Babbar Kasuwa. Ya ce sandunan sabis a cike, amma daga azahar zuwa la'asar saƙo ba ya fita, abokin ciniki na tsaye yana jira, wani ma ya yi fushi ya tafi. An ba shi shawara ya sayi wata 'yar takarda mai ƙyalli da ake mannawa a bayan waya, wai tana jawo sabis.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Wannan takardar ba ta jawo komai. Sanduna suna gaya maka cewa wayarka tana jin ƙarfen sabis da kyau, ba sa gaya maka mutum nawa ne ke rataye a kansa. Rijiya ɗaya ce, masu guga sun yi yawa. A irin wannan lokaci sabuwar waya da tsohuwa duk layi ɗaya suke bi. Abin da zai taimake ka shi ne layi na biyu na wani kamfani daban, ka riƙa juyawa. In wayarka mai 5G ce kuma babu 5G a inda kake zama, ka tsayar da ita a kan 4G don ta daina neman abin da babu tana cinye batir. Sannan ka lura da rana. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, waya kuwa in ta ɗau zafi da kanta take rage ƙarfin aikinta don kada ta ƙone. Kada ka bar ta kan teburin ƙarfe cikin rana tana caji. Batun na'urar ƙara ƙarfin sabis da wasu ke kafawa a kan rufi kuma, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi cewa kafa ta ba da izini ba laifi ne, don tana dagula wa maƙwabta nasu sabis ɗin.

Wani dattijo daga Bodinga ya aiko jikansa ya rubuto cewa sabuwar wayar da 'ya'yansa suka saya masa takan ce babu sim, sai an kashe an kunna. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina kyautata zaton layin nan naka ya daɗe, kuma da aka ga bai shiga ramin sabuwar ba aka yanke shi da reza ko almakashi. Irin wannan ba ya zama daidai, kuma tsofaffin sim da yawa ba sa ɗaukar 4G. A raka ka ofishin kamfanin da lambarka ta NIN, su ba ka sabon sim da lambarka ta da, ba abin da zai canza.

Yanzu in koma kan Malam na Mabera, don shi ne ya fi tsaya min a rai. In ka yi gwajin nan, ka sabunta manhajar wayar, don kamfanoni kan aiko da gyara a makonnin farko, ka ga har yanzu tana baya, ina roƙonka kada ka kai ta a buɗe. Ba raina masu gyaran waya nake ba, akwai ƙwararru cikinsu masu tsoron Allah. Amma da zarar an kwance sabuwar waya garantinta ya faɗi, kuma mai shago ya samu abin faɗa. Ɗauki kwalinta da rasit, ka danna *#06# ka tabbatar lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, ka koma inda ka saya tun kwanakin ba su ja ba. Ka yi gwajin a gabansa, wayarsa da taka a kan teburi ɗaya. Mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai sani ba haƙƙi ne da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da yin bayaninsa, dokar ƙasa ma ta tanade shi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ake kai wa ƙara. Ku kuma 'yan'uwana masu shagunan waya, mutumin nan wata bakwai ya yi yana tari. In kun san samfurin da kuka kawo ba ya kama zangunanmu, ku faɗa masa kafin ya ƙirga kuɗi.

In kuwa gwaji ya nuna duk wayoyin unguwa haka suke, to matsalar ta ƙarfen sabis ce, ko man janareta ya ƙare, ko an tsinka wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin hanya. Ku kira kamfaninku a 300 ku karɓi lambar ƙorafi. In ba su yi komai ba, ku kira NCC a 622, kyauta ne, ku ba su wannan lambar.

Lokaci ya cim mana. Akwai saƙonni uku daga Gwadabawa, Wamakko da Tambuwal a kan batir mai kumbura, na ajiye su, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam na Mabera, ka aiko mana da lambobin da ka samu, zan karanta su a nan. Wassalamu alaikum.