Rand Paul da Zaɓen Kentucky na 2010: Ina Hannun Gwamnati Ya Kamata Ya Tsaya?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

A daren 18 ga watan Mayun 2010, wani likitan ido daga garin Bowling Green a jihar Kentucky ta Amurka, wanda bai taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba, ya kayar da ɗan takarar da manyan jam'iyyar Republican suka tsayar. Sunansa Rand Paul. Abokin karawarsa a zaɓen fidda gwanin, Trey Grayson, shi ne sakataren jihar, kuma yana da goyon bayan Mitch McConnell, jagoran sanatocin Republican a lokacin, da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney. Duk da haka Paul ya kwashe kusan kashi 59 cikin 100 na ƙuri'u, Grayson ya tashi da kashi 35.

Kujerar da ake nema ta Majalisar Dattawa ce. Majalisar Dokokin Amurka zaure biyu gare ta: na Wakilai mai mutum 435, da na Dattawa mai mutum 100, kowace jiha sanata biyu, wa'adin shekara shida. Sanata Jim Bunning ne zai sauka, Democrat kuwa suka tsayar da Antoni Janar na jihar, Jack Conway.

Rand Paul ba ɗan Republican ne irin na yau da kullum ba. Mahaifinsa, Ron Paul, ɗan Majalisar Wakilai daga Texas a lokacin, shi ya yi wa jam'iyyar Libateriyan takarar shugaban ƙasa a 1988, kuma a wannan gida ɗan ya sha akidar. Akidar ba ta da wuyar fahimta. Mutum shi ke da ikon kansa da dukiyarsa. Aikin gwamnati shi ne ta tsare rai da dukiya, ta raba gardama a kotu, ta kare ƙasa daga mahara. Abin da ya wuce nan, a ganinsu, shisshigi ne: yawan haraji, tallafin gwamnati, dokokin da ke ɗaure 'yan kasuwa, leƙen asirin jama'a, da tura soja yaƙin da ba na kare gida ba.

Lokacin ma ya zo masa daidai. A 2008 Majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto manyan bankuna, alhali talakawa na rasa gidaje da ayyuka. Bashin gwamnatin tarayya ya haura dala tiriliyan 13 a 2010, rashin aikin yi a Kentucky ya zarce kashi 10 cikin 100. Mutane sun fusata, guguwar Tea Party ta masu adawa da yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati ta taso, Paul ya hau ta. Ya ce dole kasafin kuɗi ya daidaita, a binciki Babban Bankin ƙasar, a rushe Ma'aikatar Ilimi ta tarayya a mayar wa jihohi da aikin. A kan ceto bankuna, gaskiya tana tare da shi: wanda ya ci riba shi kaɗai, babu adalci a ce in ya yi asara talaka ne zai biya.

Amma washegarin nasararsa, 19 ga Mayu, ya shiga shirin Rachel Maddow a tashar MSNBC, ta yi masa tambayar da ta girgiza takararsa. Tambayar a kan Dokar 'Yancin Jama'a ce ta 1964, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yulin 1964 ɗin. Wani sashe na dokar ya haramta wa otal-otal, gidajen abinci da gidajen sinima su kori mutum saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalin ƙasarsa. Maddow ta matsa masa: shin mai gidan abinci yana da ikon cewa ba zai sayar wa baƙar fata ba? Paul ya ce shi yana ƙyamar wariya, yana goyon bayan duk sassan da suka hana gwamnati nuna bambanci, amma sashen da ya shafi kasuwancin mutane na kansu yana da ja a kai. Ya yi ta kewaye-kewaye, bai ba da amsa kai tsaye ba.

Mu yi wa hujjarsa adalci, mu faɗe ta yadda masu ita suke faɗa. Suna cewa wariyar kudancin Amurka, wadda ake kira Jim Crow, gwamnatocin jihohi ne suka kafa ta da doka, 'yan sanda suka tsare ta da kulki. Idan aka cire hannun gwamnati, kasuwa da kanta za ta hukunta mai wariya, domin wanda ya kori masu saye ya kori kuɗinsa. Kuma idan yau aka ba gwamnati ikon gaya maka wanda za ka shigar shagonka, gobe wata gwamnatin za ta yi amfani da ikon a kan abin da ba ka so. Sanata Barry Goldwater da wannan dalili ya ƙi zaɓar dokar a 1964.

Hujjar tana da tsari, amma tarihi bai gaskata ta ba. A wurare da dama ba doka ce ta tilasta wa mai shago korar baƙaƙen fata ba, al'ada ce da tsoron fararen da ke saye a wurinsa. A irin wannan gari, wanda ya buɗe ƙofarsa ga kowa shi kasuwa ke hukuntawa, ba mai wariya ba. Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro, aka ƙi ba su ko kofi. Kantin na kamfani ne, ba na gwamnati ba. A Kentucky ɗin ma, Muhammad Ali, haifaffen Louisville, ya sha ba da labarin yadda ya dawo daga Roma da lambar zinare ta Olamfik a 1960, amma aka ƙi sayar masa da abinci a garinsu. Ku ɗauka rijiya ɗaya ce a ƙauye, mai ita ya ce 'yan unguwa kaza ba za su ɗiba ba. Cewa rijiyarsa ce ba zai kashe musu ƙishi ba. Baƙar fata mai tafiya daga jiha zuwa jiha a wancan zamani yakan rasa inda zai kwana ko ya ci abinci, kuma wannan na daga cikin abin da Kotun Ƙoli ta duba lokacin da ta tabbatar da dokar a shari'ar otal ɗin Heart of Atlanta, a watan Disambar 1964.

Nan ne nake ganin raunin wannan akida. Tana da ido mai kaifi wajen hango zaluncin gwamnati, amma idon kan dushe idan zaluncin ya fito daga mai dukiya. Paul da kansa ya ja da baya cikin sauri. Washegarin hirarsa da Maddow ya fitar da sanarwa cewa ba zai goyi bayan soke dokar ba, ya kuma ce da yana majalisa a 1964 da ya zaɓe ta. Har hirar da aka shirya da shi a shirin Meet the Press ya soke.

Ƙurar ba ta lafa ba sai ga wata. Ranar 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, da ke yi wa kamfanin BP aiki, ya fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi ta malala wata da watanni. A tashar ABC, Paul ya ce irin matsin da gwamnatin Obama ke yi wa BP ba ɗabi'ar Amurkawa ba ce. Ya kawo misalin wata mahaƙar kwal a Kentucky inda rufi ya rufta ya kashe mutum biyu, ya ce kullum sai an nemi mai laifi, alhali wani lokacin haɗari ne kawai ke faruwa.

A jihar masu haƙar kwal, wannan magana ba ƙarama ba ce. A watan Afrilun nan dai, mahaƙar Upper Big Branch a maƙwabciyar jiha West Virginia ta fashe, ma'aikata 29 suka halaka. Abin da ya biyo baya bai taimaki Paul ba. A 2012 BP ta amince ta amsa laifuka a gaban kotu, ciki har da waɗanda suka shafi mutuwar mutum 11 ɗin, tare da tarar biliyoyin dala. Don Blankenship, tsohon shugaban kamfanin da ke da mahaƙar Upper Big Branch, kotu ta same shi da laifin haɗa baki wajen karya ƙa'idojin kare lafiyar ma'aikata a 2015, ya yi zaman gidan yari na shekara guda. Mai haƙar kwal da ke can ƙarƙashin ƙasa ba shi da yadda zai auna iskar gas ya yi ciniki da kamfani a kan ransa. Sai an samu mai duba wurin, wanda kamfani ba zai iya kora ba.

Conway ya kuma kama Paul a kan abubuwa biyu. Na farko, Medicare, inshorar lafiya ta tsofaffi, inda aka zaƙulo tsohuwar maganar Paul cewa marar lafiya ya riƙa biyan dala 2,000 na farko da aljihunsa. Na biyu, annobar shan ƙwayoyi a gabashin jihar, wadda Paul ya ce a bar wa ƙananan hukumomi, ba tarayya ba. Kentucky jiha ce da ke karɓar kuɗin tarayya fiye da abin da take turawa na haraji, don haka Conway yana da abin faɗa.

Sai ya yi watsi da wannan dama. A watan Oktoba ya saki tallar da ta tono wani labari na zamanin da Paul ke ɗalibi a Jami'ar Baylor, tana sa shakku a kan addininsa na Kirista. Har wasu 'yan Democrat suka ce an wuce gona da iri. A muhawarar da aka yi a Louisville ranar 17 ga Oktoba, Paul ya ƙi ba shi hannu. Ranar 2 ga Nuwamba Paul ya ci zaɓe da kusan kashi 56, Conway na da 44.

Akwai ɓangaren da tun a fidda gwani 'yan jam'iyyarsa suka fi jin tsoro, wato yaƙi da tsaro. Paul ya ce da shi ne, da bai amince da yaƙin Iraƙi ba, kuma yana sukar Dokar Patriot ta 2001 da ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na bibiyar mutane. Magoya bayan Grayson suka ce mai rauni ne a kan tsaro. A nan ni ina ganin shi ya fi su hangen nesa, kuma bai sauya ba bayan ya shiga majalisa. A watan Maris na 2013 ya tsaya kusan awa 13 yana magana a zauren Dattawa, ya tsayar da tabbatar da John Brennan a matsayin shugaban CIA, yana neman a fito fili a ce ko shugaban ƙasa na da ikon kashe Ba'amurke da jirgi marar matuƙi a cikin Amurka ba tare da shari'a ba.

Wannan ra'ayi ya iso har ƙofar gidanmu. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a Tongo Tongo a Jamhuriyar Nijar, Amurkawa huɗu suka mutu tare da sojojin Nijar. Sanata Lindsey Graham ya fito ya ce shi bai san Amurka na da sojoji kusan 1,000 a Nijar ba. Sanata ke nan, a majalisar da kundin tsarin mulki ya ba ikon ayyana yaƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Paul ya tilasta a kaɗa ƙuri'a kan janye sojojin, yana cewa Majalisa ba ta taɓa ba da izinin zamansu ba. Ranar 26 ga Oktoban 2023 sanatoci 11 suka goya masa baya, 86 suka ƙi. Ba a cika shekara ba sojojin suka fice, har daga sansanin Agadas, bisa buƙatar mahukuntan Yamai.

Amma kada mai kallo daga Kano ko Damagaram ya ɗauka ya samu ɗan'uwa a Washington. Dalilin da ya sa Paul ke son soja su koma gida shi ne ya sa yake son kuɗin ma su zauna a gida. A 2011, shekararsa ta farko a majalisa, ya gabatar da shirin zaftare dala biliyan 500 daga kasafin shekara guda, wanda ya haɗa da soke tallafin ƙasashen waje, har na Isra'ila. A cikin irin wannan tallafi ne ake samun shirin PEPFAR, wanda George Bush ya kafa a 2003, da ya samar wa ɗimbin masu ɗauke da cutar HIV a Najeriya magani. Jirgi marar matuƙi da ya riƙa tashi daga Agadas da kwalin maganin da ke isa asibitin karkara, a lissafinsa duka biyun kuɗin harajin mutumin Kentucky ne da aka kashe a wata ƙasa. Na yarda da shi a kan jirgin. A kan maganin ban yarda ba, domin wanda za a yanke wa shi ba ya da ƙuri'a a Kentucky, kuma babu kasuwar da ke jira ta maye gurbinsa.

Mutanen Kentucky sun sake zaɓar Rand Paul a 2016, suka ƙara a 2022.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba. Ku huta lafiya.