Ɗakin Karatun Jami'a da Aikin Mai Bincike: Lacca ga Sababbin Ɗaliban Digiri na Biyu

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a nan gaba, ina neman izininku. Ɗalibai, barkanku da zuwa.

Da yawa daga cikinku sun gama digirin farko ba su san komai a laburare ba sai babban zauren karatu, inda ake shiga da takardun lacca idan jarrabawa ta matso. Wannan zaure shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai bincike. Abin da kuke buƙata yanzu yana sassan da ba ku saba shiga ba, wato sashen kundaye, da na mujallu, da na littattafan da suka shafi Afirka, da kuma teburin ma'aikacin da aka ajiye domin amsa tambayoyi.

Zan fara da kundaye, kuma a nan zan fi daɗewa. Jami'ar Ahmadu Bello an kafa ta a 1962, kuma shekara da shekaru ɗalibanta suna ajiye kundayen digirinsu a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru. Haka abin yake a Jami'ar Bayero ta Kano da Laburaren Abdullahi Fodiyo na jami'ar Sakkwato. Mafi yawan waɗannan kundaye ba a taɓa buga su ba, da yawa kuma ba su hau intanet ba, saboda haka ɗalibin da ya tambayi Google bai ga komai ba, sai ya rubuta a babin farko cewa babu wanda ya taɓa nazarin waƙoƙin noma ko sarautun gargajiyar garinsu, alhali wani ya yi aikin tun kafin a haife shi, kundin kuma yana ajiye a kantar laburare. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin wanda ya yi wancan aikin ya zauna da tsofaffin da yau sun riga mu gidan gaskiya, ya ɗauko bayanin da ba za a sake samunsa ba. Babin bitar ayyukan da suka gabata ba a rubuta shi daga waya. A je a zauna, a buɗe kundin, a fara duba manazartarsa da ke ƙarshe, domin ita ce za ta nuna wa mutum inda zai nufa gaba.

Sai katalog, wato jerin littattafan laburare da inda kowanne yake. Manyan jami'o'inmu galibi suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka wajen jera littattafai, inda kowane fanni yake da haruffa da lambobinsa. Tarihin Nijeriya yana ƙarƙashin DT 515, harshen Hausa da adabinsa kuwa yana farawa daga PL 8231. Amfanin sanin wannan shi ne, idan ka sami littafi ɗaya da kake nema, to na dama da shi da na hagu duk a kan batunka suke, sau da yawa ma wanda ba ka zo nema ba ya fi yi maka amfani.

Game da mujallun intanet, ba zan tsawaita ba. Jami'a tana da damar shiga rumbuna irin su JSTOR, da Hinari na fannin lafiya, da AGORA na aikin gona, sannan akwai AJOL da ya tattara mujallun Afirka. Ku je sashen kwamfuta na laburare a ba ku hanyar shiga, kada ku sayi maƙalar da kuke da ikon karantawa kyauta.

Masu nazarin tarihi da adabi da addini kuwa, laburaren jami'a mafari ne kawai. A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna, akwai kuma Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin razdan-razdan da di'o-di'o na zamanin Turawa suke. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Yamai kuma cibiyar IRSH, mai bincike kan al'umma da tarihi, tana riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Wanda yake son sanin yadda Bahaushe ya ji labarin yaƙin duniya na biyu, ya nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya karanta da idonsa. Idan ka ce wane ya ce wane ya ce, ba ka ga asalin takardar ba, kuskuren da na farko ya yi shi za ka gada, kuma sunanka ne a bangon kundin.

Wata 'yar magana a gefe: ku girmama ma'aikatan laburare. Akwai wanda ya shafe rayuwar aikinsa a sashe guda, ya san abin da katalog bai nuna ba, kuma gaisuwa da bayyana masa batunka a fili za su rage maka wahalar watanni.

Abu na ƙarshe shi ne rubuta madogara tun a wurin. Duk abin da ka ɗauko, ka rubuta sunan marubuci, da shekara, da maɗaba'a, da shafi, da lambar littafin a kantar laburare. Idan fayil ne, ka rubuta lambarsa yadda take a bango. Ka kuma bambanta kalmomin marubucin da naka ta hanyar sa alamar zance, domin yawancin abin da ake kamawa a matsayin satar fasaha daga nan yake farowa, lokacin da ɗalibi ya dawo kan takardunsa bayan shekara guda ya kasa tuna wace jimla ce tasa. Kafin zamanmu na gaba, kowa ya kawo mini sunayen kundaye biyar da suka kusanci batunsa, tare da abin da kowanne ya bari bai taɓa ba. Yanzu sai tambayoyi.