Kuɗin Ƙaura Da Kamfani Ya Biya Maka A Amurka, Haraji Ne Ke Jiransa

Assalamu alaikum. Toh 'yan uwa, na ga da yawanku nas-nas ne da likitoci da masu aikin kwamfuta, wasu sun taso daga Houston sun koma Maryland, wasu daga Bronx zuwa Ohio, shi yasa na zaɓi wannan maganar a yau.

Za ka samu sabon aiki a wata jiha, kamfani ya ce maka kar ka damu, mu za mu biya motar kwasar kaya, mu biya tikitin jirgi na kai da iyali, har otal na sati biyu kafin ka kama haya. Kai kana murna an maka alheri. Alherin kam an yi, amma hukumar haraji ta IRS ba kyauta take ɗaukar kuɗin nan ba, albashi take ɗaukarsa.

Da ba haka abin yake ba. Kafin 2018, in sabon wurin aikinka ya ƙara maka nisan mil 50 daga tsohon gidanka, kuma ka yi aiki na sati 39 cikin shekarar farko, to kuɗin kwasar kaya da na hanya babu haraji a kansu, ko kamfani ya biya ko kai ka biya da aljihunka ka cire a fom 3903. Dokar harajin da Trump ya sa wa hannu a Disambar 2017 ita ta dakatar da wannan daga 1 ga Janairun 2018. An ce zuwa ƙarshen 2025 ne, mutane suna ta jira ya dawo, sai kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mai da shi na dindindin. Sojojin da aka yi wa canjin wurin aiki da umarni su dokar ta bar musu, an ƙara da ma'aikatan leƙen asiri. Mu sauran kowa ya shiga.

Kuma ku lura da nan wajen don Allah, don shi ne mutanenmu suka fi ruɗewa a kai. Ko da kuɗin bai taɓa shiga asusunka ba, kamfani ne ya biya masu motar kai tsaye, kai ko rasit ba ka gani ba, sai ya fito cikin albashin shekara a takardar W-2 ɗinka, wato takardar da kamfani yake ba ka mai nuna albashinka da harajin da aka cire.

Bari mu yi lissafi. A ce dala 10,000 aka ware maka. Yawanci za a cire kashi 22 cikin ɗari na tarayya, sannan kashi 7.65 na Social Security da Medicare, wato asusun fansho da inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati. Dala 2,965 kenan ta tafi, hannunka 7,035, ba a ma zo kan harajin jiha ba tukuna. In kana Texas ka huta da wannan, babu harajin albashi na jiha. Kalifoniya da New York kuma ba su bi tarayya a wannan canjin ba, to a takardar jiha akwai sauran sauƙi, ka nuna wa mai cika maka fom ya duba. Sannan kashi 22 ɗin nan riƙewa ce kawai ba shi ne ƙarshe ba, in kai da matarka kuna aiki kun hau matakin harajin kashi 24, ragowar za ka cika ta kafin 15 ga Afrilu.

Abin da nake so ku fita da shi daga ɗakin nan shi ne ciko, su suna ce masa gross-up da Turanci. Wato kamfani ya ɗora kuɗin harajin a sama don abin da aka alkawarta maka ya zo maka cif. Don ka riƙe 10,000 ɗin nan, sai sun rubuta kusan dala 14,200. Doka ba ta tilasta musu ba, manyan kamfanoni da yawa suna yi, wasu kuma sai ka tambaya. Wallahi abin da ke damuna, mu an raine mu da kawaici, wanda ya ba ka ba ka ce masa ƙara, sai mutum ya ji nauyin buɗe baki. Wannan ba roƙo ba ne, ciniki ne, kuma lokacinsa kafin ka sa hannu, a rubuta shi cikin takardar ɗaukar aiki ba a waya ba.

Hajiya daga baya can ta tambaya, in mutum ya bar aikin fa? Hajiya yawancin yarjejeniyoyin nan suna da sharaɗi, in ka tafi kafin shekara ɗaya ko biyu za ka mayar da kuɗin. In a cikin shekarar da aka ba ka ne ka mayar, da sauƙi, kamfani zai gyara W-2 ɗin. In shekara ta juya, galibi duka za su nema har da wanda aka cire na haraji, kai kuma ka bi IRS da kanka a fom ɗin shekarar da ka biya, kuma sai abin da ka mayar ya haura dala 3,000 wannan ƙofar take buɗe maka. Don haka ki karanta sharaɗin ki ga kwanan watan da zai ƙare kafin ki miƙa takardar ajiye aiki.