Darasin keke: yadda za ka yi magana da direban da ke bayanka

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya keke, barkanmu da warhaka. Yau ba gyara za mu yi ba. Kan titi za mu hau, mu ga yadda za ka yi da motar da ta biyo ka tana son wucewa, direba na ta danna maka ham.

Tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, a Nijar ma dama ake bi, don haka mai wuce ka ta hagunka zai bi. Alamar kwana kun san ta, miƙa hannu ne ɓangaren da za ka, ba zan tsaya a kanta ba.

Abin da zan tsaya a kai shi ne waiwaye. Direba in ya ga fuskarka, ya san ka san da shi, sai ka ga ya sassauta. Amma ga matsalar: yawancin mutane in sun waiwaya ta hagu, kan keken sai ya bi su, su faɗa tsakiyar kwalta, daidai inda motar za ta bi. Dalili kuwa kafaɗa ce ke jan hannu, hannu ya ja kan keke. Ku duba nan. Saki hannun hagu, ɗora shi a cinya. Na dama kuma ka sassauta riƙon, kada ka ƙanƙame. Sai ka kai haɓarka kan kafaɗa, ka duba, ka dawo. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Ka je filin ƙwallo, ka bi layi ɗaya, ka yi ta maimaitawa har ƙafar gaba ta daina kaucewa.

To ka waiwaya, ka ga mota. In gabanka kwana ce, ko tudu, ko ga wata motar tana tahowa, sai ka sauke hannun dama... a'a, na hagu, shi direba ke gani sosai. Ka sauke shi ƙasa, tafin yana kallon baya: dakata. Kuma kada ka matse can bakin kwalta inda yashi da ramuka suke. In ka matse, kamar ka ce masa bismillah ne, zai kutsa ko da babu wuri.

Af, kafin ka saki hannu, ka san wane burki ya rage a hannunka. In na gaba ne kuma ka damƙe shi da ƙarfi, za ka iya kifawa. Ka rage gudu tukuna, sannan ka yi alama.

Sai maganar "wuce". Ni dai ba na yafuto direba sai na ga hanya fayau da idona, babu ɗan acaɓa, babu adaidaita sahu da ke shirin fitowa, babu akuya a gefe. Shi ya yarda da kai ne, in ka kira shi ya fito ya yi karo, alhakin har da kai. In kana shakka, bar hannunka a kan keke, ka samu wuri mai faɗi ka ratse. Tirela ko tanka kuwa ba a ja da su. Iskarsu na fizgar keke, kuma jelar takan shigo tun kafin ta gama wucewa. Sauka gefe kawai.

Wannan ɗan madubin da kuke gani a kan keken, akwai shi a shago, da fitilar baya mai ja, mu ɗaura maka nan take. Da dare ai ba mai ganin hannunka, fitilar ce bakinka. Amma madubi kai kaɗai yake yi wa aiki, direba bai san ka gan shi ba, sai ka waiwaya ɗin dai.

In ya yi haƙuri ya jira har ya wuce lafiya, ɗaga masa hannu ka gode. Yanzu bari mu hau titi ku gani. Malam, riƙe kyamarar daga bayana, ta hagu.