Sabuwar taya kusa da tsohuwa: me ya sa ɗaya ke cinyewa?

[Hoto: tagwayen tayoyin baya, ta waje da zanenta, ta ciki ta sulɓe wuri-wuri]

Jama'a, ku dubi hoton nan da kyau. Shi ne ya zaga wayoyin direbobi daga Ngaundare har Kusiri. Motar irin wadda matafiya ke mayarwa gida ce, da gado da wurin girki da tankin ruwa a ciki, amma ƙafarta ta babbar mota ce. Don haka maganar ta shafi mai bas da mai tirelar da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Njamena.

Wasu sun ce tayar jabu ce. Wasu sun ce hanyar Mora zuwa Dabanga ce ta cinye ta. Hanya na da nata laifin, amma hanya ba ta zaɓar taya ɗaya ta ƙyale 'yar'uwarta da ke manne da ita.

[Hoto: tayoyi huɗu a jere, hannu na shafa kowace]

Bari mu wuce sauran nau'o'in cinyewar taya da sauri. Gefe biyu sun cinye, tsakiya na nan: iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta cinye, gefuna na nan: iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kawai, ko ka shafa ka ji zanen na kama hannu kamar haƙoran zarto: saitin ƙafar gaba ya goce, kuma a duba boris da tayarod kafin a taɓa saiti, in ba haka ba aikin banza ne. Ramuka-ramuka zagaye da taya: shokazoba ta mutu. Duk wani mai faci a Garwa ya san waɗannan.

Na hoton nan daban ne, kuma a nan ake yin kuskuren.

[Hoto: ana gungura sabuwar taya kusa da wadda ta yi rabi]

Taya ɗaya ta fashe a baya. Maigida ya sayi sabuwa guda ɗaya, domin kuɗin guda biyu ba wasa ba ne. Aka ɗaura ta kusa da tsohuwar, aka ce ai sabuwa za ta taimaki tsohuwa. Lambar jikinsu ɗaya ce, 315/80 R22.5, sai kowa ya ɗauka girmansu ɗaya.

Girmansu ba ɗaya ba ne. Sabuwar tayar baya tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 20. Wadda ta yi rabi saura mata 10. Milimita 10 a sama, 10 a ƙasa, kenan sabuwar ta fi ta tsayi da milimita 20. In ka zagaya su da tef ɗin awo, bambancin ya haura santimita 6.

To ga inda abin yake. Tayoyin nan biyu wuri ɗaya aka ɗaure su da noti. Tare suke juyawa, babu wadda za ta riga wata ko da juyi ɗaya. Taya mai wannan girman tana juyawa kusan sau 300 a kowace kilomita. Santimita 6 sau 300, mita 18 kenan. A kowace kilomita akwai mita 18 da ƙaramar ba ta taka ba, jan ta aka yi a kan kwalta. A kilomita 100 an ja ta kusan kilomita biyu.

[Hoto: babba riƙe da hannun yaro suna sauri]

Kamar uba ne ya riƙe hannun ɗansa suna saurin kama sallar Juma'a. Taku ɗaya na uban, yaron sai ya haɗa da tsalle da jan ƙafa. Takalmin wa zai fara cinyewa?

Haka ƙaramar take yi. Ba ta danne ƙasa sosai, sai ta riƙa dangwala tana zamewa, shi ya sa take sulɓewa wuri-wuri. Babbar kuma ita ke ɗaukar kayan da ya kamata a raba biyu. Tana lanƙwasa fiye da ƙima, tana ɗaukar zafi, kuma zafi ne ke raba roba da wayar ciki. Wato tsohuwar na ƙarewa a fili, sabuwar da aka kashe wa kuɗi na dahuwa a ɓoye. A ranar Afrilu tsakanin Garwa da Marwa, da kaya cike, ita ce za ta fara fashewa.

[Hoto: kusa da rubutun jikin taya, 156/150]

Kamfanonin taya sun san da wannan. Lambar farko, 156, na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce. Ta biyu, 150, kilo 3,350 ne in tana cikin tagwaye. An rage ne domin kaya ba ya rabuwa daidai ko da tayoyin sun dace, balle an haɗa doguwa da gajera.

Yanzu awon. A sa wa tayoyin biyu iska daidai wa daida, kowace a kan rim ɗinta. A zagaya tsakiyar zane da tef. Bambancin kada ya wuce milimita 19, wato ƙasa da santimita biyu. In suna ɗaure a mota, a ɗaga da jak, a tokare, a ɗora miƙaƙƙen katako a kan duka biyun. Giɓin da ke tsakanin katakon da gajerar kada ya wuce milimita 3. In tsinken ashana biyu a haɗe suka shige, a raba su.

[Hoto: katako a kan tagwayen, haske na ratsa ƙarƙashin ɗaya]

In kuɗin taya ɗaya ne a hannu, a duba duk tayoyin baya da safaya, a haɗa masu kusancin girma wuri ɗaya. In akwai ɗan bambanci a cikin iyaka, mai tsayin ta koma waje, domin ta ciki dama ta fi shan nauyi idan ƙarfen ƙafa ya ɗan lanƙwasa da kaya, ga kuma zafin birki a kusa da ita. A ganina gara a haɗa tsofaffi biyu da suka dace a ajiye sabuwar a safaya, da a ɗaura ta inda za ta ƙone. Kuma kamfani biyu, lamba ɗaya, ba lallai tsayi ɗaya ba. A auna.

Iska ma na yin wannan ɓarnar. Tayoyi biyu sabbi fil, a ma'aunin iska ɗaya na da bar 8 ɗaya na da 7, mai ƙarancin ta zama gajera. Kusan kullum ta ciki ce, domin bawul ɗinta na ɓoye. Yaron mota, Allah ya yi maka albarka, bugun taya da ƙarfe na nuna wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai, kunne ba ya bambanta 7 da 8. A sa ma'auni, da asuba kafin a tashi, ko bayan mota ta tsaya awa uku. In an auna da rana aka ga ta ƙaru, zafi ne, kada a rage iskar ko kaɗan.

[Hoto: motar gida a kan sikelin awon nauyi]

Masu motar gida, tankin ruwa mai lita 300 kilo 300 ne, kuma yawanci a gefe ɗaya yake. Ku auna kowane gefe da tanki cike, ku sa iskar da ta dace da gefen da ya fi nauyi a duk tayoyin wannan layin, hagu da dama.