Me Ya Haɗa Tayirod da Jijiyoyin Zuciya?

Jama'a, kowa ya san maƙoƙo, kumburin nan da ke fitowa a gaban wuya. Abin da ke kumburar wata 'yar halitta ce da likitoci ke kira tayirod. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu tsara saurin aikin jiki, har da bugawar zuciya.

Idan ta yi kasala, sinadaran suka yi ƙaranci, hanta takan rage kwashe mugun kitsen nan, wato LDL, daga cikin jini. Kitsen ya yi ta taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, hanya ta ƙuntata. Jijiyoyin kansu sukan yi tauri, hawan jini ya biyo baya. Abin takaici, alamomin kasalar tayirod ba su da hayaniya: yawan gajiya, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata. Sau da yawa sai a ce ai girma ne ya zo. Kuma ba lallai wuya ya kumbura ba.

Gwajin jini na TSH ne ke tona asiri. TSH saƙo ne da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa yana zaburar da tayirod. In tayirod ta yi kasala, sai TSH ya hau. A 2010, mujallar likitoci ta JAMA ta buga nazarin da ya haɗa bayanan mutane sama da 55,000, inda aka ga haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya fi fitowa fili idan TSH ya kai 10 ko ya haura. Ƙasa da haka, har yau likitoci na muhawara, musamman kan tsofaffi.

Idan kuwa tayirod ta zaƙe, zuciya ce ke shan gudu ba hutu, wani lokaci bugunta ya rikice. Wanda jijiyoyinsa suka riga suka ƙuntata sai ciwon ƙirji ya taso masa.

Shi ya sa ba a gaggawa da maganin kasalar tayirod, wato levothyroxine. Dattijo mai ciwon zuciya da kaɗan ake fara masa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana maimaita gwaji, don in aka ɗirka masa da yawa tashi guda, maganin kansa na iya tayar da ciwon ƙirjin. Mai shan amiodarone saboda rikicewar bugun zuciya kuma ya tuna wa likitansa gwajin TSH: maganin cike yake da sinadarin ayodin, yana iya sanyaya tayirod ko ya tunzura ta.